Ranar da Ƙarfe Ya Yi Ƙarya

Musaddiƙ ɗan Roni ne, kuma a shekarun da muka yi tare a wata kwaleji a Kazaure babu wanda ya kama ƙafarsa a filin wasa. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, shi ne kuma yake ciyo mana kofi a tseren mita ɗari huɗu. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Yana da kyauta, yana da son taimako, in ya ga ɗan'uwa cikin matsala ba ya samun sukuni sai ya yi wani abu. Aibinsa ɗaya ne: ba ya bari magana ta kai ƙarshe. Da ka fara bayani zai ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane," alhali ko rabi ba ka kai ba. A fili wannan halin kan wuce, don ƙafarsa tana gyara abin da kunnensa ya ɓata. Mu kuma da muke jin daɗin ƙwallayen da yake zurawa, sai muka sabar masa da shiru. Ni Halliru, mai tsaron gida, na fi kowa laifi a nan, domin ni ne abokinsa na kusa.

A hutun ƙarshen zango na shekararmu ta biyu, kocinmu Malam Silvanus ya zo mana da shawara. Ya ce maimakon mu watse kowa ya je ya kwanta a ɗakin gyatumarsa yana yin ƙiba, me zai hana mu tsallaka Nijar mu taimaka wa wata ƙaramar makaranta na mako uku. Ya san malamin wurin tun wani wasan sada zumunta da aka yi a bakin iyaka. Mu goma sha biyu muka amsa, maza takwas 'yan ƙwallo, mata huɗu 'yan tsere, shugabarsu Rhoda, wadda gudunta da bakinta duk babu na yarwa. Muka bi gidaje da shaguna muka tara littattafan rubutu da alli da fensir. Wani ɗan kasuwa a Kazaure ya ba mu rigunan wasa hamsin na yara, ya ce abin da yake so kawai mu ɗauko masa bidiyon yaran sanye da su. Musaddiƙ ya bugi ƙirji ya ce zai kawo masa bidiyon da bai taɓa ganin irinsa ba.

Ta Babura muka bi. Bayan mun tsallaka muka hau babura, daga baya ma kayanmu a amalanken shanu suka ƙarasa, har muka isa wani ƙauye mai suna Tudun Marke. Ƙarshen damina ne. Gero ya nuna, ya sunkuyar da kai dama da hagu na hanya, manoma suna ta wasa lauje suna jiran 'yan kwanaki kafin girbi.

Makarantar, ko lakwal kamar yadda mutanen can suke cewa, aji biyu ce: ɗaya na ƙasa, ɗaya na zana. Malami ɗaya ne tak, Malam Muhammadu Lawal, siririn mutum mai furfura a gemu, wanda takalminsa na roba ya sha ɗinki har ya gaji. A gaban ajin akwai bishiyar marke, an rataye tsohon ƙarfen tayar mota a reshenta, da guntun rodi a soke a jikin kututturen.

Ranar da muka sauka Malam Lawal ya tara mu a gindin bishiyar ya yi mana maraba. Ya ce, "Samari da 'yan mata, makarantar nan taku ce. Allo naku ne, alli naku ne, yaran ma naku ne. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Ƙarfen nan kada kowa ya taɓa shi sai ni. Dalili kuwa, yaran ruga…"

Musaddiƙ ya ɗaga hannu. "Mun gane, Malam. Ƙararrawa ce, ko'ina akwai ta. Yanzu ina filin da za mu kafa raga?"

Malam Lawal ya dube shi, ya yi ɗan murmushi, ya nuna masa bayan aji. Musaddiƙ ya ja sauran suka tafi auna fili. Ni da Rhoda ne muka tsaya, kunya ta hana mu tashi, shi ya sa mu biyu ne muka ji sauran maganar.

Ashe ɗaliban iri biyu ne. Akwai 'ya'yan manoman ƙauyen, su goma sha tara. Akwai kuma 'ya'yan Fulanin rugar Arɗo Haladu, su arba'in da shida, kuma a kan waɗannan ne Malam Lawal ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da ya zo garin babu ɗan ruga ko ɗaya a aji. Duk lokacin da ya je wurin Arɗo da maganar, amsa ɗaya yake samu: "To, Malam, wa zai bi shanu?" Shekara huɗu yana zarya, yana shan nono yana komawa hannu rabbana. A ƙarshe ya samo dabara. Aka raba yaran ruga gida biyu. Rabi su yi karatun safe, rabi su tafi kiwo. In rana ta take sai a yi musanya.

"Da farko," in ji shi, "na kiwo sai sun ga ɗan'uwansu ido da ido kafin su taho. To makiyayar tana da faɗi, a yi ta neman juna, kafin su iso la'asar ta kawo jiki. Sai muka yi alkawari da Arɗo. Ni zan sallami 'yan safe, in tsaya nan ina kallo har na ƙarshensu ya shige burtali. Sannan in ɗora shayi. In ya tafasa, na san sun isa wurin shanu. A lokacin ne zan buga ƙarfe. Duk yaron da ke daji in ya ji ƙarar, ba ya waige, ba ya jiran kowa. Ya san an karɓe shi. Sai ya yanko ta gajeriyar hanya ya taho aji."

Rhoda ta ce, "Malam, ba a taɓa samun kuskure ba?"

"Shekara biyar ke nan, 'yata, ko sau ɗaya. Ƙarfen nan ba ƙararrawa ba ce. Bakina ne. In na buga shi, na ce wa Arɗo, shanunka suna hannu."

Da yamma na so in maimaita wa Musaddiƙ wannan bayani. Na kai daidai wurin shayin ya ce, "Na gane. Tsarin ƙauye ne, Halliru. Mutum ba shi da agogo sai buta." Na yi dariya tare da shi. Har yau ina jin haushin dariyar nan.

Gaskiya mun yi aiki a makonni biyun farko. Mun yaɓe ajin ƙasa, mun sake wa na zana sabbin dirkoki, mun haƙa masai. Faransanci dai ba mu iya ba, wannan muka bar wa Malam Lawal. Amma lissafi ba shi da ƙasa, kuma Musaddiƙ gwani ne a kansa. In yana koyarwa sai ka rantse ba shi ne mai gaggawar nan ba. A cikin 'yan yamma akwai Sa'adiyya, 'yar Arɗo Haladu, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, mai kitso har kafaɗa da ido kamar na mai neman abin da ya ɓata. Kafin ya gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu. Ta gama tarawa da ɗebewa da ninkawa, ta cinye rabawa a kwana huɗu. Musaddiƙ ya ciro wani tsohon littafin lissafinsa na ƙaramar sakandare ya ba ta kyauta. Turancin ciki ba ta iya karantawa, amma lambobin ta san su. Suka yi ta bi shafi-shafi har suka kai na arba'in da ɗaya.

Ranar Laraba ya ce mata, "Ƙanwata, ranar Asabar za mu fara lissafin rabi da kwata da sulusi. Nan ne ake gane masu ƙwaƙwalwa."

Ta rungume littafin ta ce, "Allah ya kai mu, Malam."

Abin da ke ci wa Musaddiƙ tuwo a ƙwarya shi ne bai taɓa ganin yaran a haɗe ba. Da safe rabi, da yamma rabi. Riguna hamsin ga su a buhu, ranar Lahadi za mu tafi, bidiyon da ya yi alkawari kuwa babu shi. Ya tambayi Malam Lawal ko za a haɗa yaran na awa ɗaya. Malam ya ce, "Sai dai bayan girbi, ƙanena. Yanzu gero yana tsaye, ba a barin shanu ko na ƙiftawar ido. Ka ɗauki 'yan safe daban, 'yan yamma daban." Musaddiƙ ya ce to, amma irin to ɗin da na sani.

Ranar Alhamis aka kira malaman yankin taro a babban gari. Koci Silvanus kuma tun jiya ya koma Babura ɗauko bencinan da wani kafinta ya yi mana. Malam Lawal ya hau bayan babur da sassafe, ya ce mana, "Zan dawo kafin rana ta take. Ni zan sallami yara, ni zan buga. In na makara, ku bar su a aji, ba komai."

Garin ya tashi da lumshi, gajimare ya rufe rana ruf, ba ka iya gane lokaci da inuwa. Wajen ƙarfe goma na ga Musaddiƙ ya kwance buhun riguna yana raba wa 'yan safe. Da ya gama sai ya nufi gindin marke ya zare rodin.

Rhoda ta sha gabansa. "Kyaftin, me za ka yi?"

"Zan kira sauran. Minti ashirin, mu ɗauka, kowa ya koma."

"An ce kada a taɓa. Kai kunnenka ado ne?"

"Rhoda, ke dai bakinki ba ya hutawa. Mun baro ƙasarmu mun zo muna yaɓa musu laka kyauta, hoto ɗaya ne zai gagare mu?"

Na matso na ce, "Musaddiƙ, in suka ji za su bar shanun fa. Babu wanda ya je karɓarsu."

"Na gane. Shanu suna cin ciyawarsu, ina ruwansu da mu? Minti ashirin ne. Riƙe wayar nan, kai ka fi iya ɗauka."

Ni ɗan Gwiwa ne. A gona na tashi. Na san abin da saniya ɗaya take yi wa nunannen gero kafin mutum ya ɗaura alwala. Na san shi sarai, ba labari aka ba ni ba. Amma na miƙa hannu na karɓi wayar, don ban saba ce masa a'a ba, kuma ban so a ce mai tsaron gida ya tsorata.

Ya buga ƙarfen sau uku, da ƙarfin ɗan wasa. Ƙarar ta ratsa gonaki ta shige daji.

Ba a jima ba suka fara ɓullowa ta gajeriyar hanya, a guje, da sandunansu da gorunan ruwa, suna murna yau Malam ya kira da wuri. Sa'adiyya ce ta fara isowa. Tana shigowa ta ga ƙanenta, wanda ya kamata a ce yana wurin shanu, tsaye cikin jar riga yana washe baki. Ta tsaya cak. Ta dubi 'yan safe ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan. Ta zo gaban Musaddiƙ ta russuna.

"Malam, babu kowa a wurin shanu."

"Na sani, ƙanwata. Yanzun nan za ku koma. Sa rigar nan ki shiga layi."

"Malam, gonakin suna kusa."

"Sa'adiyya, ba ni ne malaminki ba? Shiga layi."

Ta sa rigar ta shiga layi, domin a gidansu ba a yi wa malami musu.

Minti ashirin ɗin ba su ishi jera yaran ba ma. Wannan ya juya baya, wancan rigarsa a birkice. Da aka jeru Musaddiƙ ya ce a yi waƙa. Da aka yi waƙa ya ce tunda an haɗu, a buga ƙwallo na ɗan lokaci don bidiyon ya yi armashi. Yara kuwa da ba su taɓa sa rigar wasa ba, suka manta da duniya. Rhoda ta kira sunansa ya fi sau biyar, daga baya ta ja 'yan matanmu biyu suka nufi burtali da kansu, amma ba su san inda shanun suke ba. Ni ina riƙe da waya, ina ɗauka.

An fi awa ɗaya a haka sai muka ji kururuwa daga yamma. Muryar mace ce, tana salati tana kiran jama'a.

Muka zuba a guje. Mu ne zakarun gudu na kwalejinmu, kuma ranar mun yi gudun da ba mu taɓa yi a gasa ba, amma bai amfana komai ba. Shanu sun fi ɗari biyu, sun bar makiyaya sun bazu cikin gonaki huɗu. Abin da ba su ci ba sun tattake. Muka shiga muna ihu muna ɗaga hannu, ko kallonmu ba su yi ba, wani bijimi ma ya kusa ɗaga Musaddiƙ sama. Sai da yaran suka iso cikin jajayen rigunansu, kowa ya kira nasa da suna, sannan shanun suka juya suka fita salin-alin. Gonar da ta fi shan wahala ita ce ta bakin burtali, ta wata dattijuwa Inna Rahamatu, wadda mijinta ya rasu, ita ke ci da jikoki uku. Muka same ta zaune a kan kunyar gona, ta tattara karyayyun zangarniya a zaninta, ta daina kururuwar, tana kallon ƙasa kawai.

Kafin mu ankara mazan ƙauye sun fito da sanduna da adduna. Daga ɗaya gefen samarin ruga su ma sun taho da nasu sandunan. Ana ta zage-zage, ana matsowa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Allah ya sa a daidai lokacin babur ɗin Malam Lawal ya iso. Tun bai tsaya ba ya diro, ya shiga tsakani, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa.

Ya ce, "Jama'a, ku dubi Allah. Yaran nan ba su da laifi, iyayensu ba su da laifi. Ƙarfe suka ji. Ƙarfena ne. Wanda zai daka, ga ni."

Babu wanda ya iya ɗaga sanda a kan mutumin da ya koya wa 'ya'yansa karatu. A haka aka watse, kowa yana huci.

Washegari da hantsi aka zauna a ƙofar mai gari. Arɗo Haladu ya zo, dogon dattijo mai malfa, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Aka zaga gonakin aka ga ɓarna. Arɗo ya ce ya ɗauki nauyi, ya ba da bijimai biyu a sayar a raba wa masu gona, ya ce kuma hatsin Inna Rahamatu na bana a wuyansa yake. Manoma suka yarda, aka yi addu'a. Na ɗauka magana ta ƙare, har na sauke ajiyar zuciya.

Sai Musaddiƙ ya tashi, ya je gaban Arɗo ya durƙusa. Tun jiya bai ci komai ba, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baffa, ba Malam ne ya buga ba. Ni ne. An hana ni, an sake hana ni, ban ji ba. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma don Allah kada abin ya shafi makaranta."

Arɗo ya dube shi. Ya ce, "Na sani, ɗana. Yara sun faɗa mini. Ka yi kirki da ka faɗa da bakinka, kuma na yafe maka duniya da lahira. Bijimai ba komai ba ne, saniya tana haihuwa."

Ya juya wurin Malam Lawal. "Malam, shekara biyar in na ji ƙarar nan daga ruga, sai in gyara zama, na san dukiyata tana hannu. Jiya na ji ta, na gyara zama. Ashe a lokacin shanuna suna cikin geron Inna Rahamatu. Da ba ka iso ba, da yanzu gawa muke binnewa, tamu ko tasu. Ban ce kai ka yi ƙarya ba. Amma ƙarfen ya yi. In baƙon kwana ashirin zai iya sa shi ƙarya, gobe wani ma zai iya."

Malam Lawal ya ce, "Arɗo, zan sa masa kwaɗo. Zan riƙa tafiya da rodin a aljihu. Mu koma ido da ido kamar da, ko da karatun zai ragu."

"A'a, Malam. Ba ni kaɗai ba ne. Iyayen yaran sun kwana suna magana. Kuma ka ga idon mutanen gari jiya. Zaman nan ya tsage. Da an gama girbi za mu tashi."

Musaddiƙ ya buɗe baki zai yi magana. A karon farko tun da na san shi, ya rufe bai ce komai ba.

Ranar Asabar babu ɗan ruga ko ɗaya a makaranta. Musaddiƙ ya rubuta rabi da kwata da sulusi a allo tun da safe, ya zauna yana kallon hanya har azahar. Koci Silvanus da ya dawo da bencina ashirin, ya ji abin da ya faru, bai yi faɗa ba. Ya ce kawai a sauke su, sannan ya ɗaga tafiyarmu da kwana uku. Muka shiga gonar Inna Rahamatu muka tsince abin da ya rage. Gonar da takan ba da dami sittin, tara muka ɗaure. Tsohuwar nan ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ta ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana." Da zagi ta yi mana da ya fi mana sauƙi.

Ɗan kasuwar Kazaure bai samu bidiyonsa ba. Yana nan a wayata har yau, na kasa gogewa. Yara sittin da biyar suna tsalle suna dariya, wasu da riga wasu babu. Mutum ɗaya ce ba ta kallon waya. Daga farko har ƙarshe, Sa'adiyya ta juya kai tana kallon daji.

Bayan girbi ruga ta tashi, kamar yadda Arɗo ya faɗa. Suka yi arewa, can inda babu makaranta ko ta zana. Malam Lawal ya sauke ƙarfen ya jingine shi a bayan aji. Yara goma sha tara ba sa bukatar ƙarfe, in ya tsaya a bakin ƙofa ya kira suna ji. Bencinanmu rabinsu babu mai zama. Duk lokacin da Musaddiƙ ya kira Malam Lawal a waya, gaisuwa kawai yake yi da sa albarka, bai taɓa tayar da maganar ba.

Shekara biyu bayan haka, mun gama kwaleji, Musaddiƙ ya samu koyarwa a wata makaranta a Babura. Na kai masa ziyara ranar kasuwa, muka shiga sayen takalmi. Muna wucewa ta layin masu nono sai muka ji an ce, "Malam! Malam na lissafi!"

Sa'adiyya ce. Ta yi tsawo, tana zaune a bayan ƙwaryar nono kusa da mahaifiyarta. Ta gaishe mu da fara'a, ta tambayi Rhoda, ta tambayi Malam Lawal. Ta ce rani ne ya gangaro da su kusa da iyaka, jibi za su koma. Musaddiƙ ya tambaye ta ko tana zuwa makaranta a can. Ta ce babu. Sannan ta ɗaga faifai, ta ciro wani abu a naɗe cikin leda. Littafin ne. Bangonsa ya fita, gefen shafukan ya yi baƙi don yawan juyawa.

Ta ce, "Kullum ina yi, Malam. In na kai shafi na arba'in da ɗaya sai in koma farko. Na gaba na duba na duba, ban gane ba, lamba a kan lamba da layi a tsakani. Ka ce ranar Asabar za mu fara."

Ba da gori ta faɗa ba. Tuni kawai take yi masa, kamar jiya aka yi maganar.

Musaddiƙ ya zauna a ƙasa a tsakiyar kasuwa da fararen kayansa. Ya tsinci kara ya zana da'ira a rairayi ya raba ta biyu. Hawaye yana ɗiga a kan zanen. Ta gane rabi nan take. Ta gane kwata. Yana cikin raba wata da'irar gida uku direban motarsu ya fara kiran fasinja, mahaifiyarta ta ɗora ƙwarya a ka ta ce ta taso. Sa'adiyya ta naɗe littafin, ta dubi zanen da ba a gama ba, ta ce, "Sulusin sai wani jiƙon, Malam." Ta bi mahaifiyarta.

Ya koma kasuwar nan mako bayan mako har damina ta sauka. Da rani ya zagayo ya sake komawa. Bai ƙara ganinta ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake, kuma na biya shi da tsada kafin in koye shi. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu sauraro. Duk wanda ya je taimakon mutane, ya sani ya tarar da su da tsarinsu, kuma abin da ya gani kamar ƙauyanci wataƙila shi ne igiyar da ta ɗaure zamansu. In an ce maka kada ka taɓa, ka tsaya ka ji dalili har ƙarshe kafin ka ce ka gane. Amanar da wani ya shekara tara yana ginawa, gaggawar awa ɗaya tana iya rushe ta, kuma neman gafara, ko an yafe, ba ya mayar da abin da ya tafi. Wanda kuma ya san gaskiya ya yi shiru don kada abokinsa ya ji haushi, ya sani da shi aka yi ɓarnar. Musaddiƙ ya buga ƙarfe, ni na riƙe waya, yara arba'in da shida suka rasa makaranta.